Garambawul, na hannu, haya ko sabo fil: wanne ya fi wa ƙaramar ƙasa a harkar jiragen yaƙi?

A watan Disambar 2001 ƙasar Niyu Zilan ta rufe rundunonin jiragen yaƙinta baki ɗaya. Babu wanda ya ci ta da yaƙi, jiragen kuma suna tashi lafiya lau. Gwamnatin Firayim Minista Helen Clark ce ta zauna ta yi lissafi: ƙasa ce da teku ya kewaye, maƙwabciyarta mafi kusa, Ostireliya, aminiya ce, don haka kuɗin zai fi amfani a wani wurin. Tun a watan Maris na 2000 ta soke yarjejeniyar hayar jiragen yaƙi samfurin F-16 guda 28 da gwamnatin baya ta ƙulla da Amurka. Matuƙan suka watse, wasu suka koma rundunar Ostireliya, wasu ta Birtaniya. Jiragen yaƙinta samfurin Skyhawk suka yi kusan shekara goma a ajiye ana neman mai saye, daga baya wani kamfanin Amurka mai zaman kansa ya kwashi takwas, yawancin sauran aka raba wa gidajen tarihi. Yau idan ƙasar ta ce za ta dawo da abin da ta rufe, kuɗin jirgi ne ƙaramar matsalarta. Wanda zai koya wa sabon matuƙi faɗa a sama, da wanda zai sa hannu cewa injin nan ya isa tashi, duk sun tsufa ko sun kama wata sana'a.

Da wannan nake so a auna duk zaɓin da ke ƙasa. Ƙasar da ke son farfaɗo da ƙarfinta na sama tana da hanyoyi kamar shida: ta yi wa tsofaffin jiragenta garambawul, ta sayi na hannu, ta sayi sabo, ta ɗauki haya, ta sauko zuwa ƙananan jirage, ko ta bar wa ƙawayenta tsaron samaniyarta. Kowace hanya akwai ƙasar da ta bi ta, kuma sakamakon yana nan a fili.

Kafin a je kasuwa

Tambayar farko ita ce aikin da ake so jirgin ya yi, kuma abin mamaki ita ce aka fi tsallakewa. Aiki uku ne, ba su kama da juna ba. Akwai sintirin sararin samaniya a lokacin zaman lafiya: jirgin da ba a san shi ba ya shigo, ko na fasinja ya daina amsa kira, a tashi a tare shi a duba. Akwai kai hari a ƙasa kan 'yan tawaye ko masu fasa-ƙwauri waɗanda ba su da abin kakkaɓo jirgi. Sannan akwai yaƙi na gaske da wata ƙasa mai jirage da makamai masu linzami. Na farko yana buƙatar gudu, na biyu yana buƙatar daɗewa a sama da arahar mai, na uku yana buƙatar komai, har da abin da yawancin ƙananan ƙasashe ba za su iya biya su kaɗai ba.

Ko aikin farkon ma ba wasa ba ne. A watan Fabrairun 2014 mataimakin matuƙin wani jirgin fasinja na Habasha da ke kan hanyar Rum ya karkatar da shi zuwa Janiba ta ƙasar Suwizalan da asuba. Jiragen yaƙin Italiya da na Faransa ne suka raka shi, domin rundunar saman Suwizalan a lokacin sai a lokutan aikin ofis take tashi. Ƙasa mai arziki, mai jiragen yaƙi F/A-18 a rumfa, amma ba ta da isassun mutanen da za su riƙe dare da rana. Sai ƙarshen 2020 ta kai ga ajiye jirage biyu cikin shiri sa'a 24. Jirage biyu kacal! Don a samu biyun nan a kowane lokaci, dole a samu wasu na horo, wasu suna gyaran yau da kullum, ɗaya ko biyu an warwaɗe su ana babban bincike. Shi ya sa za ka ga ƙananan ƙasashen Turai suna sayen 12 ko 14. Ƙasa da haka, hatsari ɗaya ko jinkirin kayan gyara na wata uku ya isa ya durƙusar da rundunar. Matuƙa kuma sun fi jiragen yawa, kuma kowane yana buƙatar sa'o'insa. Ma'aunin da aka saba ambata a ƙungiyar Nato shi ne sa'a 180 a shekara, ko da yake ƙasashe da yawa ba sa kaiwa. Idan aka tara mai, kayan gyara, albashi da makamai na shekara talatin, kuɗin riƙe jirgi yakan ninka kuɗin sayensa.

Garambawul

Wannan hanyar ita ce ta fi jan hankalin ministan kuɗi, kuma tana da hujja mai ƙarfi. Abin da ke sa jirgin yaƙi ya yi nasara a yau ya fi karkata ga abin da ke cikinsa: na'urar rada mai hango jirgi daga nesa, kwamfutar da ke sarrafa makamai, na'urar rikita radar abokin gaba, hanyar musayar bayanai da sauran jirage, da makami mai linzamin da ke ƙarƙashin fiffike. Duk waɗannan ana iya cirewa a sa sababbi. Matuƙa sun riga sun san jirgin, makanikai sun san halinsa, rumfuna da kayan aiki suna nan.

Misalin da ya fi kowane kyau shi ne na F-16 ɗin Beljiyam, Holan, Denmak da Norwe. Sun fara karɓar jiragen ne daga ƙarshen shekarun 1970, sannan a shekarun 1990 suka haɗa kuɗi suka yi musu gyaran tsakiyar rayuwa tare: sabuwar kwamfuta, ingantacciyar rada, da ikon harba AMRAAM, makamin da ke cin jirgin da ido bai gani ba. Jiragen nan suka yi aiki har cikin shekarun 2020, kuma ko da masu su suka gama da su, sai da aka yi layin saye. Abu biyu ya sa ta yi kyau. Gangar jikin jirgin tana da sauran kwana mai yawa lokacin da aka yi aikin, kuma ƙasashe huɗu ne suka raba kuɗin zane da gwaji a kan ɗaruruwan jirage.

Wannan batu na biyun shi ne ke kayar da ƙaramar ƙasa idan ta tafi ita kaɗai. Haɗa sabuwar rada da tsohon jirgi aiki ne na injiniyoyi: a sake wayoyi, a ƙara wutar lantarki da sanyaya, a rubuta manhaja, a yi gwajin tashi, a tabbatar kowane makami yana fita ba tare da ya daki jirgin ba. Kuɗin wannan aikin kusan ɗaya ne ko jirgi 12 za a gyara ko 200. Niyu Zilan ta yi irinsa a ƙarshen shekarun 1980, a shirin da ta kira Kahu, inda ta sa wa Skyhawk ɗinta radar APG-66 irin ta F-16. Aikin ya yi kyau matuƙa, amma jirgin bai daina zama Skyhawk ba: ba ya wuce gudun sauti, kuma shekara goma bayan nan an dawo maganar maye gurbinsa.

Romaniya ta ba da darasi na daban. Daga shekarun 1990 ta haɗa kai da kamfanin Elbit na Isra'ila ta sabunta jiragenta ƙirar Tarayyar Sobiyet, MiG-21, sama da 100, ta sa musu suna LanceR. Ta samu kayan lantarki na zamani a farashin da aljihunta zai ɗauka, matuƙanta suka koyi aiki irin na Nato tun kafin ƙasar ta shiga ƙungiyar a 2004, kuma masana'antarta ta samu aiki. A matsayin gada, ta yi amfani. Kuskuren shi ne an zauna a kan gadar. Ƙarfe yana gajiya. Duk juyin da matuƙi ya yi da ƙarfi yana cin wani abu daga kwanan fiffike, kuma babu kwamfutar da ke mayar da shi. MiG-21 jirgi ne mai ƙaramin tanki, mai saurin sauka, wanda ba ya yafe kuskure. Haɗurra suka yi ta faruwa, an dakatar da jiragen na wani lokaci a 2022, sai a watan Mayun 2023 aka yi musu ritaya.

Kuroshiya kuwa nata ya zo kusa da gyaran gangar Auzinawa. Ta aika MiG-21 ɗinta Yukiren a yi musu garambawul tsakanin 2013 da 2015, ta kuma ƙaro wasu daga can. Ba a jima ba aka fara binciken ingancin aikin da asalin wasu sassan, yawancin jiragen kuma ba su zama abin dogaro ba.

A ganina garambawul yana biya ne idan abu uku sun haɗu: gangar jiki tana da sauran sa'o'in da za su kai shekara goma sha biyar, kamfanin da ke ƙera injin da kayan gyara yana nan kuma yana son sayar maka, sannan wata ƙasa ta riga ta biya kuɗin zanen gyaran kai kuma saye kawai za ka yi. Girka da Taiwan, da suka ɗaga F-16 ɗinsu zuwa samfurin Viper mai radar APG-83, sun cika ukun. Wanda ke riƙe da MiG-29 ko MiG-21 a yau, bayan takunkumin da aka sa wa Rasha kan mamayar Yukiren a 2022, da wuya ya cika na biyu.

Na hannu

Ga lissafin da ke sa mutane tsayawa. A 2022 Romaniya ta sayi F-16 guda 32 daga Norwe a kan yuro miliyan 388, haɗe da kayan gyara da tallafi. A 2019 Bulgariya, maƙwabciyarta, ta sa hannu kan sababbin F-16 guda takwas a kan kimanin dala biliyan 1.25. Kayan da ke cikin cinikin biyu ba ɗaya ba ne, na Bulgariya ya haɗa da makamai da horo daga tushe, kuma jiragenta an ƙera su ne su yi sa'a 12,000 alhali na Norwe an saye su ne don su cike kimanin shekara goma. Duk da haka tazarar tana da girma. Romaniya ta samu rundunoni uku idan aka haɗa da 17 da ta fara saya daga Fotugal, ta kuma zama wurin da ake horar da matuƙan F-16 na yankin, a sansanin Feteshti da aka buɗe cibiyarsa a 2023.

Ƙasar Cile ta yi dabarar da ta fi burge ni. Ta sayi sababbin F-16 guda goma daga Amurka, sannan ta cike da 36 na hannu daga Holan a kashi biyu. Sababbin suna ɗaukar aikin da ya fi wuya, tsofaffin suna ba da yawa da sa'o'in horo, dukkansu kuma dangi ɗaya ne, don haka matuƙi da makaniki ba sa fara karatu daga farko.

Sai dai kasuwar na hannu tana da tarkon da ya kama ƙasashe da dama: mai sayarwa ba shi ne mai magana ta ƙarshe ba. Duk jirgin da Amurka ta ƙera, sai da izininta ake mayar da shi hannu na uku. A 2018 Kuroshiya ta zaɓi F-16 guda 12 daga Isra'ila a kan kimanin dala miliyan 500. Abin da ya sa jiragen suka yi daraja shi ne kayan lantarkin da Isra'ila ta ƙara musu. Amurka ta ce sai an cire kayan an mayar da jiragen yadda aka sayar da su tun asali. Ciniki ya mutu a watan Janairun 2019, shekaru suka tafi a banza. A 2021 ne Kuroshiya ta koma ta sayi Rafale 12 na hannu daga Faransa a kan yuro miliyan 999, inda mai sayarwa shi ne kuma mai ƙerawa, babu na uku da za a jira. Shida na farko sun sauka a watan Afrilun 2024.

Ajantina ba ƙaramar ƙasa ba ce, amma aljihun sojinta ƙarami ne, kuma labarinta ya nuna yadda ƙaramin abu ke tsayar da babba. Tun yaƙin tsibiran Fokland na 1982 Birtaniya ke hana a sayar mata kayan soja masu sassan Birtaniya. Ta sayi Super Étendard biyar na hannu daga Faransa, suka iso a 2019, amma ba su shiga aiki ba, domin kujerar da ke cilla matuƙi waje idan jirgi zai faɗi ƙirar kamfanin Martin-Baker ce ta Birtaniya, kuma ba a samu sassanta ba. Yunƙurin sayen FA-50 daga Koriya ta Kudu shi ma a kan sassan Birtaniya ya tsaya. Ta yi wa Mirage ɗinta ritaya a 2015, sai a 2024 ta sa hannu kan F-16 guda 24 daga Denmak a kan kusan dala miliyan 300. A wannan shekarar kuma Amurka ta amince da wani ƙunshin makamai, kayan gyara da horo da zai iya kai dala miliyan 941. Wato abin da ke sa jirgin ya yi aiki ya ninka kuɗin jirgin sau uku. Duk wanda aka nuna wa farashin na hannu ya ji daɗi, ya nemi a nuna masa wannan takarda ta biyu.

Akwai kuma ƙarancin kaya. F-16 ɗin Turai masu kyau an riga an rabe su tsakanin Romaniya, Ajantina da Yukiren. Abin da ya rage a kasuwa sai an duba littafin sa'o'insa da idon basira.

Sabo fil

Sabon jirgi yana ba da shekara talatin zuwa arba'in, da tabbacin cewa masana'anta za ta ci gaba da sabunta shi. Illarsa biyu ce: jira, da cin kasafin kuɗi har ya hana shi kansa tashi.

Sulobakiya ta yi odar F-16 guda 14 a ƙarshen 2018, da fatan fara karɓa a 2022. Kamfanin Lockheed Martin mai ƙera su ya mayar da layin ƙirar daga birnin Fort Worth zuwa Greenville a Amurka, annobar korona ta zo, kayan lantarki suka yi ƙaranci. A gefe guda MiG-29 ɗinta, da ma'aikatan Rasha ke kula da su, suka daina tashi a 2022, daga baya ta ba Yukiren 13. Jamhuriyar Cek da Polan ne suka riƙe mata samaniya, har biyun farko suka iso a watan Yulin 2024. Bulgariya sai 2025 ta ga na farko. Su biyun sun yi sa'ar maƙwabta. Ƙasar da ba ta cikin ƙawance, wannan giɓin shi ne lokacin da matuƙanta ke tafiya kamfanonin jiragen fasinja ba su dawo ba.

Illa ta biyu Ostiriya ce ta ɗanɗana ta. Ta yi odar Eurofighter 18 a 2003, sabuwar gwamnati ta rage su zuwa 15 a 2007, kuma don a sauke farashi aka cire wasu na'urorin kariyar kai da na gane jirgi da dare. Ta ƙare da jirgi mai tsadar riƙewa wanda aka rage wa ƙarfi, ga shari'a da ta biyo baya da masu ƙera shi. Afirka ta Kudu ta sayi Gripen 26 ƙirar Suwidin, jirgin da aka san shi da sauƙin kuɗin tashi, amma tun 2013 aka bayyana cewa 12 suna ajiye, kuma daga ƙarshen 2021 dukkan rundunar ta yi kusan shekara guda a ƙasa saboda kwangilar kula da jiragen ta ƙare ba a sabunta ba. Laifin bai shafi jirgin ba. An ware kuɗin saye ne aka manta kuɗin ciyarwa.

F-35 fa, jirgin Amurka mai ɓuya daga rada? Finlan ta zaɓi 64 a 2021, Suwizalan 36, Denmak da Norwe sun riga sun koma kansa. Waɗannan ƙananan ƙasashe ne a yawan jama'a, amma masu kuɗi ne, kuma yawancinsu suna fuskantar yiwuwar yaƙi da ƙasa mai ƙaƙƙarfan makaman kakkaɓo jirgi, inda ɓuya daga rada ke raba rai da mutuwa. Ko a Suwizalan da ƙyar aka sha: jama'a sun ƙi Gripen a ƙuri'ar raba-gardama ta 2014, sannan a 2020 suka amince da kashe faran biliyan 6 da kashi 50.1 cikin ɗari kacal. Ga ƙasar da sintiri ne babban aikinta, wannan sayen ya wuce buƙata nesa ba kusa ba, kuma Amurka ba kowa take sayar wa ba.

Haya

Ana cewa kayan aro ba ya rufe katara, amma Jamhuriyar Cek da Hangari sun nuna cewa a wannan harkar yana iya rufewa na tsawon lokaci. Kowace ta ɗauki hayar Gripen 14 daga Suwidin. Na Cek sun fara aiki a 2005, na Hangari a 2006. Kuɗin shekara-shekara sananne ne, kayan gyara da babban gyara suna wuyan mai jirgi, kuma an tsallake daga MiG zuwa jirgin zamani ba tare da giɓi ba. Da jiragen nan 14 Cek ta riƙe samaniyarta, ta kuma je sintiri a ƙasashen Baltik da Aisilan. Da ta ga lokaci ya yi, ta sa hannu kan F-35 guda 24 a 2024, da matuƙan da suka shekara kusan ashirin suna aiki da jirgin zamani.

Aibinta shi ne idan wa'adi ya zo ƙarewa mai jirgi ne ke da ƙarfin ciniki, tunda ya san ba ka da na biyu. Kuma ba kullum ake samun mai bayarwa ba. Suwidin ta yi ne a lokacin da take da rarar jirage bayan yaƙin cacar baka.

Ƙananan jirage

Ga ƙasar da ta riga ta rasa komai, wannan ce ƙofar komawa. Filifin ta yi wa F-5 ɗinta ritaya a 2005, ta shekara goma ba ta da jirgin yaƙi mai gudun sauti. A 2014 ta yi odar FA-50 guda 12 daga Koriya ta Kudu, biyun farko suka iso a ƙarshen 2015. Jirgi ne da aka gina a kan na horo, mai kujera biyu, yana wuce gudun sauti, yana da rada, kuma zaman cikinsa ya yi kama da na F-16. A 2017 ya yi aiki a yaƙi da 'yan tawaye a birnin Marawi na kudancin ƙasar. Ba zai iya karawa da manyan jiragen Sin ba, samfurin da aka fara ba Filifin ma ba shi da makamin nesa. Amfaninsa shi ne ya sake haifar da matuƙa, malamai da makanikai, a farashin da ya bar su suna tashi kowane mako. A 2025 ƙasar ta ƙara odar wasu 12. Maleshiya da Polan su ma sun saya.

Ƙasa da shi akwai masu farfela irin A-29 Super Tucano na kamfanin Embraer na Birazil. Idan abokin gaba 'yan tawaye ne a daji, babu abin da ya kai shi dacewa: yana daɗewa a sama, yana sauka a ƙaramin fili, yana jefa bam mai bin hasken leza, kuma Kolambiya ta yi amfani da shi sosai a kan mayaƙan FARC. Amma gudunsa bai kai kilomita 600 a sa'a ba, jirgin fasinja kuwa yana tafiya a wajen 850. Ba zai kamo shi ba. Wanda ya saye shi ya sani cewa aikin ƙasa ya saya, samaniya tana nan a buɗe.

A bar wa ƙawaye

Istoniya, Latbiya da Lituweniya ba su da jirgin yaƙi ko ɗaya. Tun 2004 ƙasashen Nato ke karɓa-karɓa suna yi musu sintiri daga sansanin Shawle a Lituweniya, aka ƙara Amari a Istoniya a 2014. Kuɗin da za su zuba a jirage 12 sun zuba shi a rada, sojin ƙasa da makaman kakkaɓo jirgi: Lituweniya ta sayi NASAMS, sauran biyun suka yi odar IRIS-T tare. Yaƙin Yukiren ya ƙarfafa hujjarsu, domin Rasha da duk yawan jiragenta ta kasa mallake samaniyar Yukiren, kuma makaman ƙasa ne suka fi hana ta. Sai dai makamin ƙasa abu biyu ya sani, ya harba ko ya bari. Ba zai matsa kusa da jirgin fasinja ya leƙa tagar matuƙi ba. Jirgi maras matuƙi irin Bayraktar TB2 kuma ya yi suna a yaƙin Karabak na 2020 tsakanin Azarbaijan da Armeniya wajen kai hari a ƙasa, amma tare jirgi a sama ba aikinsa ba ne. Wannan hanya tana aiki ne ga mai yarjejeniya rubutacciya. Ailan, wadda ba ta cikin Nato, ba ta da jirgin yaƙi sai na horo masu farfela, kuma hukumar da ta binciki tsaronta a 2022 ta nuna cewa ko radar soja mai ganin jirgin da ya kashe na'urar bayyana kansa ƙasar ba ta da ita.

To, wa ya kamata ya ɗauki wanne?

Ƙasar da har yanzu take da matuƙa da tsofaffin jirage na ƙirar da duniya ke amfani da ita da yawa, ta yi garambawul ɗin da wasu suka riga suka gwada, kuma ranar da ta sa hannu a kansa ta rubuta shekarar ritaya, ta fara neman magaji. Idan jiragenta na ƙirar da kayan gyaranta suka yanke ne, kada ta ƙara ko sisi a kansu fiye da abin da zai riƙe matuƙa a sama. Ta nemi haya idan akwai, in babu ta nemi na hannu, kuma takardar izinin ƙasar da ta ƙera jirgin, da na duk ƙasar da ke da sassa a cikinsa, ta zo hannu kafin a sanar da ciniki. Tarihin F-16 ɗin nan 28 da Niyu Zilan ta so haya ya isa gargaɗi: Pakistan aka ƙera wa su, ta biya kuɗi, takunkumin Amurka na 1990 ya hana a ba ta, suka yi shekaru a ajiye a hamadar Arizona. Indunusiya ma ta ga jiragenta na ƙirar Amurka sun zauna don rashin kayan gyara tsakanin 1999 da 2005.

Sabo fil na ƙasar da za ta iya rubuta kuɗin mai, makamai da kayan gyara na shekara goma a kasafi tare da kuɗin saye ne, kuma ta yi oda tun tsofaffin suna da sauran shekara shida ko bakwai. Idan lissafin ya nuna za a sayi 12 a riƙa tashi da huɗu, gara a sauko mataki ɗaya a sayi wanda za a tashi da goma.

Wadda ta rufe rundunarta shekaru da yawa kuwa, irin Niyu Zilan, ba a fafe gora ranar tafiya. Ta fara da rada da cibiyar da ke haɗa hoton samaniya, tunda jirgin da ba a gaya wa inda zai je ba ado ne kawai. Ta tura matasa goma sha wani abu su yi shekaru a rundunar wata ƙasa aminiya, yadda Singafo ke ajiye matuƙanta da jiragenta a Amurka, Faransa da Ostireliya don horo. Ta ɗauko malamai daga waje a kwangila. Sannan ta sayi ƙaramin jirgi mai kujera biyu irin FA-50 ko M-346 na Italiya, ta yi shekara bakwai ko takwas da shi har ta samu matuƙan da za su iya jagorantar jirage huɗu da makanikan da za su iya horar da na bayansu. Filifin ta karɓi FA-50 na farko a 2015, kuma shekara goma bayan nan tana kan tattauna wane babban jirgi za ta saya.